Ruwan Ɗan Umma

Sunan garinmu Rijiyar Zakari, a ƙasar Olelewa. In baƙo yana son ya ga mun sunkuyar da kai, ya tambaye mu ina rijiyar take. Tana nan gabas da gari. Shekarun baya an rufe bakinta da tsohon kwanon rufi, an danne da duwatsu don kada awaki su faɗa. Kakana Zakari ne ya gina ta, babana Habibu ya gaje ta, ni kuma Lantana na tashi na tarar da ita tana shayar da gari da duk wanda hanya ta biyo da shi.

Ruwan yankinmu na Damargu nisa gare shi, can ƙasa yake. A da sa ne ke jan igiya, ya yi ta tafiya cikin rairayi har ya ƙanƙance a ido kafin wasakin fata ya leƙo bakin rijiya. Kowace shekara kuma, in rani ya raba, maza su taru su ɗaure mutum guda a ƙugu su zura shi ciki, ya kwashe yashi da lakar da suka taru. Yasa ke nan. Rijiyar da ba a yasa, sannu a hankali idonta toshewa yake, wannan ko yaron goye ya sani a garinmu.

Sai aka kawo mana foraji, rijiyar burtsatse. Wasu 'yan furoje, ma'aikatan agaji, suka zo da mota mai dogon ƙarfe suka huda ƙasa, suka jera fanno, faya-fayen nan masu shan hasken rana, a cikin shingen waya, suka ɗora shato, babban tankin ruwa, a kan ƙafafun ƙarfe. Rana ta fito, inji ya yi gunji can ƙasa, ruwa ya hau sama ba sa ba igiya. Ranar na yi guɗa har muryata ta dushe. Famfo biyu ne da shaton. Na ƙasa na shan mutane ne da bisashen gari. Na sama na lambun mata ne, bututunsa daga tsakiyar shato ya fito, don haka ba ya zuba sai ruwa ya wuce rabi. Dabara ce mai kyau, lambu ba zai taɓa shanye wa gari ruwan sha ba. Makullin na saman a wuyana yake rataye, don ni ce shugabar matan lambu.

Shekarar farko da lokacin yasa ya zo, maigidana, Ila tunda dole a faɗi suna, ya miƙe ƙafa a gindin aduwa ya ce wa zai sake shiga rami alhali rana tana yi mana aiki kyauta. Maza suka bushe da dariya suka ce ya yi gaskiya. Igiya aka yayyanka aka ɗaure tumaki, wasaki ya koma takalma, san kuma aka kora shi kasuwar Tanut. Mata ma ba wadda ta ɗaga kai, ana can ana murnar kabeji.

To, zancen wake. Akwai wani iri a garinmu da ake kira ɗan Umma, ɗan ƙarami, ja mai farin ido. Umma mahaifiyata ce, ita ta zo da shi cikin kayan aurenta daga wajen Balbeji. Ba ya burge ido a gona, kuma sau ɗaya tak yake fure, ya yi 'ya'ya ya gama. Amma yana nuna tun gero bai fitar da kai ba, daidai lokacin da ɓera ma ya daina leƙa rumbu. Yaran da ya tsallakar da su watan yunwa a garin nan, Allah kaɗai ya san yawansu. Bara muka shuka, ruwa ya ɗauke, tsiro ya ƙone. Muka sake shukawa, ya sake ƙonewa. Ɗan abin da ya saura a tukwane, kafin sanyi ya fita an cinye. Na zaga gida gida ina cigiyar ɗan Umma, har Balbeji na aika, babu ko ƙwaya. Iyakar sanina, abin da ya rage a duniya shi ne wanda na ɓoye a gora cikin toka na soke a jinkar ɗaki, bai fi cikin tafi biyu ba.

Tafi biyu ba ya shuka gonakin gari. Na kwanta na tashi da abin, na ga in na jira damina na zuba shi a gona ta sake yi mana irin ta bara, shi ke nan an shafe shi. Gara in shuka a lambu da bazara, inda ruwa yake hannuna, in girbe kafin ruwan shuka, kowane gida ya samu abin sawa a ƙasa. Mata sun riga sun cire kabeji da albasa sun gudu wa zafi, fangalolin lambu duk a sake suke, ruwan famfon sama nawa ne ni kaɗai. Na zazzage gorar kaf, ban bar ko ɗaya ba. Ruwa a hannuna yake, haka na ce wa kaina, sai ka ce ni na halicce shi.

Ya tsiro, ya yaɗu, ya yi fure. Ya fara fitar da kwanso sirara kamar yatsun jariri. Duk manomi ya san a nan ne wake ba ya da haƙuri. In ya ji ƙishi yana cika ciki, fure ya zube, kwanso ya motse ba komai a ciki. Ga ƙasarmu rairayi ce, ka zuba da safe, kafin azahar kamar ba a taɓa zubawa ba.

Sai hadari ya zo. Ba irin baƙin nan mai rugugi da ke tasowa daga gabas ya yi abin da ya kawo shi ya wuce ba. Wani mai ruwan toka ne, ya shimfiɗu daga wannan gefen sama zuwa wancan ya zauna. Ba ya zuba, ba ya tafiya. Zafi kuwa bai ragu ba, sai ma ya koma na dahuwa, ga wata iska mai ƙuna da ke tashi da rana tsaka. Gari ya cika da murna, ana ta barka, ana fiddo kayan shuka ana gyara ƙota. Ni kunnena yana wajen inji. Wanda ya saba gunji tun hantsi ya koma tari, ya ɗan ja ya tsaya, ya ɗan ja ya tsaya. Ruwan yana da nisa, sai rana ta buɗe sosai yake iya ɗago shi. Yini guda cur, da ƙyar ruwa ke haura rabin shato. Da yamma in na murɗa makulli sai in samu abin da zai jiƙa fangalolina kawai, sannan bututu ya yi shaƙuwa ya yi shiru. Na dinga shiga shinge ina goge fanno da gefen zanena, na goge na sake gogewa, alhali na san ba datti ne ya hana su ba.

Liman ya ce a fita roƙon ruwa. Maza suka juya rigunansu bai-bai suka yi sahu a fili, mu mata muna baya. Bakina yana cewa amin tare da kowa, cikina kuwa yana cewa, ya Allah, ko ka zubo shi ko ka janye shi. Tsoro ya kama ni. Duk faɗin Damargu ana roƙon inuwa, ni kaɗai na zo ina roƙon rana, kuma ina ganin kamar a goshina aka rubuta.

Da muka koma gida maigidana ya ce, "Ke ɗai ce fuskarki a ɗaure a garin nan. Hadari ya taso kina kallonsa kamar ya taka miki shanya."

Na ce, "Malam, in zubowa zai yi, ni ce mai guɗar fari. Amma ya tsare rana. Ya hana mu na sama, ya hana mu na ƙasa."

"Yi haƙuri, uwar Hauwa. Da wuya shi kwana bai zuba ba."

Ya kwana bai zuba ba. Ya ƙara kwana. Haka muka yi ta yi ni da hadarin, kullum in tashi kafin in yi alwala in ɗaga kai, kullum in tarar da shi inda na bar shi.

Ana cikin haka, wata safiya, sai ga ayari daga arewa. Tun daga nesa na gane tafiyar Baba Rissa. Ba'abzine ne makiyayi daga bayan Tenhiya, aminin babana. Tun ina yarinya, in ciyawa ta ƙare can arewa yake gangarowa ya sauka a gonarmu, bisashensa su sha a rijiyarmu su bar mana taki. Matarsa Raishatu ƙawar Umma ce, ita ta kawo cuku, Umma ta auna mata wake, da Umma ta rasu ni na ci gaba da aunawa. Bara bai zo ba, yamma ya yi neman ciyawa. Bana kuwa ga abin da ya koro. Tozon raƙuma ya kwanta gefe. Awaki suna tafe ba mai kuka, sai jan ƙafa. Jikokinsa suna kan jakai, leɓɓansu sun tsattsage.

A gidanmu akwai abin da ba a rubuta ba, meri, ofishin magajin gari, ma ba ta san da shi ba, amma a kansa aka gina rijiyar: mai rijiya ba ya mayar da dabba mai ƙishi. Na sha ganin babana ya kwance sansa ana tsakiyar ja, ya koma gefe, don garken baƙo ya fara sha.

Baba Rissa ya gaisa da maigari da sauran maza, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi shato. Ya ce, "Na ga hadarin, na san injinku ba shi da ƙarfi yanzu. Ba zan taɓa muku shato ba. Ku buɗe mani rijiya kawai, igiyata da wasakina suna tare da ni."

 Maza suka tafi sumui-sumui suka ɗage duwatsu, suka janye kwanon. Aka kafa gwafa, aka zura wasaki, aka ɗaura igiya ga raƙumin da ya fi sauran ƙarfi. Ya ja, ya ja, wasaki ya fito da nauyi, kowa ya leƙa. Aka juye a komi, sai baƙar laka mai wari da ƙasusuwan jemagu. Aka sake zurawa, wannan karon yashi ne, ko danshi bai yi ba. Baba Rissa ya ɗibi yashin ya murza a hannu, ya kakkaɓe. Maigidana kuwa ya samu abin kallo a babban yatsan ƙafarsa.

Aka ce to a yasa yanzu. Wani dattijo ya ce a fara zura fitila. Aka kunna aka zura, ba ta kai rabi ba ta mutu. Iskar ciki ta lalace, duk wanda ya shiga gawarsa za a jawo. Sai an ɗaura ganye a igiya an yi ta kaɗawa sama da ƙasa har iska ta sake, sannan a shiga, sannan a kwashe abin da shekaru suka tara. Ba aikin yini ba ne.

Maigari ya yi gyaran murya ya ce famfon ƙasa da ƙyar yake kai gari, an riga an koma bido guda, wato jarka ɗaya, kowane gida. Iyalan Rissa za su sha da mu, wannan ba magana, amma garke, to. Ya bar maganar a nan. Ban ga wanda ya juyo ba, amma na ji idon gari duka a kan makullin da ke wuyana. Da ma wani ya buɗe baki ya ce in bayar, da na samu wanda zan sauke wa faɗa. Suka bar ni da kakana da ubana.

Na tafi lambu na tsuguna. Ganyen wake ya fara naɗewa, yana jiran ruwan yamma. Na sa hannu na ɗaga wani kwanso, na ji 'yan ƙwayoyi sun fara tasawa a ciki, mitsi-mitsi. Kwana kaɗan suke nema a wurina, ba su da yawa. Na san kuma abin da ke taruwa a saman shato ba ya rabuwa biyu. Raƙumi guda mai ƙishi in ya sa baki, rabon fangali ya tafi.

Ina nan sai na ji sallama a bakin shinge. Baba Rissa ne, ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido.

"Ɗiyar Habibu, kada ki sa wa ranki damuwa. Na ga kina da shuka. Za mu ƙara gaba."

"Gaba ina, Baba?"

"Akwai rijiyar siminti can kudu."

"Za su kai?"

"Raƙuma za su kai."

"Awakin hwa?"

Ya buɗe tafin hannunsa ya rufe. Awakin na Inna Raishatu ne, kuma nononsu ne abincin jikokin nan da na gani a kan jakai.

Na ji haushinsa, wallahi na ji. Da ya roƙa, da ya yi naci, da na iya taurare zuciya. Mutum ya zo zai tafi ya kashe dukiyarsa a hanya don kada ya ba ni kunya, ta ina zan fara? Na ciro makulli na ce, "Ganye ne kawai, Baba, na miya. A jawo tiyo zuwa komi. Ku sha yau, gobe rana za ta fito."

Da yamma na tara matan lambu, na haɗa da maigidana, na ja musu kunne. Kada wanda ya gaya wa baƙin nan abin da ke cikin fangalolin. Ba a shayar da mutum sannan a nuna masa abin da ruwan ya ci. Umma ba ta taɓa yi ba, ni ma ba za a fara a kaina ba.

Gobe ta zo, rana ba ta fito ba. Bisashen sun sha amma ba su isa tafiya ba, wasu awakin sai an ɗaga su ake tsayar da su. Famfon da ka buɗe wa baƙo jiya kuwa, da wane ido za ka rufe shi yau? Na bar makullin a jiki.

Daga nan sai rayuwata ta koma tsakanin wuri uku. In je rijiya in tarar da maza da Baba Rissa suna kaɗa ganye suna zura fitila, tana ƙara nisa kaɗan kafin ta mutu. In je shinge in saurari inji yana tarinsa. In dawo lambu in ga fure ya zube a ƙasa fari fat. Duk ruwan da aka yi alwala ko aka wanke kwano a gidana, a ƙwarya nake tara shi in kai. Na ware layi guda na ce ko wannan ne in tsirar. Na fara ba shi rabona na sha, har ranar da jiri ya kwashe ni a bakin murhu. Maigidana ya ɗaga ni, ya ɗura mani ruwa da ƙarfi, ya ce in na sake zai ɗaure bidon a ƙugunsa. Bai yi mani faɗa ba. Tun ranar lakar nan bai ƙara miƙe ƙafa a gindin aduwa ba.

Da fitila ta kai ƙasa da ranta, maigidana ne ya ce a ɗaure shi. Mutumin da gashinsa ya fara fari, ga samari a tsaye. Aka ce ya bari, ya ce bakinsa ne ya rufe rijiyar nan. Na tsaya ina kallon igiya tana shigewa da shi, ban san wanne zan ji wa tsoro ba, shi ko waken, kuma na ji kunyar da har na haɗa su a awo ɗaya. Wasaki ya yi ta fitowa da yashi, ya koma laka, ya koma laka mai ruwa. Kowane fitowa sai in ruga lambu da ido, in ce ku ƙara haƙuri.

Ba su ƙara ba. Iskar nan mai ƙuna ta gama da su. Layin da na ware ya riƙe ɗan korensa, amma kwanson duk ya motse. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina fasawa da farce, ba komai sai wani baƙin ɗigo kamar kashin ƙuda.

Kashegari da safe aka jawo ruwa garai-garai daga rijiyar Zakari, maza suka yi kabbara. Kuma a wannan hantsin, don a ƙarasa ni, hadari ya tattara ya yi yamma bai bar mana ko ɗigo ba. Rana ta buɗe tar. Inji ya kama gunji kamar bai taɓa ciwo ba. Kafin la'asar shato ya cika ya tumbatsa, ruwa yana zuba ta sama yana bin rairayi, har ya gangaro ya shiga fangalolina ya jiƙa busasshen kara. Na zauna a bakin shinge ina kallo. Ko kukan ma ya ƙi zuwa.

A nan Inna Raishatu ta same ni. Ta tsufa, ta rame, tana tafe a hankali da babban akushi a hannu an rufe da faifai, jakar fata tana rataye a kafaɗarta. Ta zauna kusa da ni ta ajiye akushin a gabana.

Ta ce, "Ɗiyata, an ce ganyenki ya bushe saboda mu. Ba ni da abin da ya kai ruwan nan. Awaki ba su dawo da nono ba, cuku babu. Sai wannan."

Na ɗaga faifai. Tururi ya bugi fuskata, da wani ƙamshi da na sani tun ina riƙe da zanen uwata. Wake ne, ja mai farin ido, ya dahu ya kumbura har ya farfashe, man shanu yana ƙyalli a kansa. Akushin cike yake har baki.

"Wanda kika auna mani bara waccan ne," in ji ta, tana murmushi. "Na Umma. Na sa shi cikin toka yadda ta koya mani, na ɗaure a jakar nan, na hana kowa. Ko da muka ci wuya a hanya ban kwance ba. Na ce sai babbar rana. To ban ga ranar da ta hi yau ba."

Na tuna ranar da na auna mata. Tiya guda ce, har da tozo. Abin da zai shuka gona sukutum.

Na ce, "Duka kika dafa, Inna?"

"Duka mana. Ke za a yi wa rabi?"

Ta gyara zama tana jira in ci. Na sa hannu na ɗiba na kai baki. Ya yi daɗi, abin haushin ke nan, ya yi daɗi ƙwarai. Na tauna ina jin kamar gonakin garinmu nake taunawa, na haɗiye, na ƙara ɗiba don kada ta ga na tsaya. Sai a lokacin hawayen suka zo, suna sauka cikin akushi.

"Gishiri ya yi yawa?"

"A'a, Inna. Daidai ne."

Idona ya sauka a kan jakar. Na ce ta ba ni in gani, ɗinkin ya burge ni. Ta miƙo. Na juya cikinta waje, toka ta zubo a cinyata. Na bi ɗinkin da farce a hankali, sai na ji abu mai tauri ya maƙale a lungu. Na ƙwaƙulo shi. Ɗanye ne, ja, farin idonsa yana kallona. Na ƙara bi na samu wani, na samu wani. Na tara su a tafin hannuna ina laluben bakin zanena in ƙulle su.

Da na ɗago, murmushin ya bar fuskarta. Ta dubi hannuna, ta dubi busassun fangalolin, ta miƙa hannu ta tsinko kwanso guda ta fasa. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ja mayafinta ta rufe baki.

"Ba ganye ba ne," ta ce.

Na dunƙule ƙwayoyin a hannuna.

"Babu wani irin?"

Na girgiza kai.

Ba ta yi salati ba, ba ta ba ni haƙuri ba. Ta dafa kafaɗata ta miƙe da wani ƙarfi da ban san tana da shi ba, ta damƙi wuyan hannuna.

"Tashi. A bayan bukkarmu na sheƙe tokar, iska tana kaɗawa, wasu sun zube a rairayi. Ban tsince ba."

Na juya na dubi gonarmu inda suka sauka. An gama shayarwa a rijiya, garke ya juyo. Awakin sun ji ruwa, ƙafarsu ta dawo, suna tafe kai a ƙasa suna shinshina duk abin da suka tarar, kuma bukkar suka nufa.

Muka bar akushin a buɗe muka kwasa da gudu, ni da tsohuwa, muna ihu muna jifa da ƙasa, awakin da na shayar suna gabanmu.